Zaɓen Rigar Kujerun Falo

Mu mazauna Dawanau mun san ƙura: ga ta hunturu, ga ta manyan motocin da ke shiga kasuwar hatsi. Kujerar kushin da ba a yi mata riga ba, nan da nan take tsufa.

Akwai salon adon ɗaki da Turawa ke kira "bohemiyan", wato haɗa launuka iri-iri da kayan aikin hannu. Mu ba sai mun je nesa ba. Luru, gwado, tabarmar kaba da filon fata na Kasuwar Kurmi duk namu ne.

Amma a lura. Rinin baba na Ƙofar Mata yana da kyau, yana kuma ɓoye dauɗa, sai dai sabonsa yakan zuba. In baƙo ya zauna da farar riga ran Lahadi, ya tashi da shuɗin baya, wa ya ji kunya? Kafin mu saya, mu goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle mu gani. Yadin auduga na Kantin Kwari kuwa, a wanke shi kafin a kai wa tela, domin yakan tsuke. Leda dai ba ma ba da shawararta, saboda a zafin Afrilu mai zama zai jiƙe sharkaf da gumi.