Kiristocin Ƙasar Rano da Gargaɗi kan Tsafi

A ƙauyukan Rano da Kibiya, inda Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, suka daɗe da zama, jama'a da dama sun karɓi addinin Kirista, musamman ta hannun ikilisiyar ECWA, wadda ta samo asali daga mishan ɗin SIM ta kuma tsaya da ƙafarta a 1954. Sai dai barin tsafi, wanda shi ne yanka wa iskoki dabba domin neman biyan buƙata, ya fi sauya suna wuya, domin iskoki irin su Kure da Doguwa suna da gurbi a harkar noma da haihuwa da jinya tun kaka da kakanni.

Abin da ke jan mutum ga boka ba ɓoyayye ba ne: uwar da ɗanta ya kwana yana fizge-fizge, asibiti kuma ya yi nisa, takan ji ana cewa baƙar akuya ko jan zakara zai kawo sauƙi. Fastoci kan amsa da Maimaitawar Shari'a sura 18, wadda ta haramta duba da sihiri, da labarin Sarki Saul, wanda ya nemi mai kiran matattu a Endor a daren da ya gabaci hallakarsa. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin iskar da aka yi wa yanka sau ɗaya ana ɗauka tana bin gidan bashi kowace shekara, tsoro kuma yakan cinye dabbobin gida yayin da cutar da ke buƙatar likita take ƙara tsanani.