Wa ya ce wanka bayan ƙwallo na shanye jiki?

A masallacin unguwarmu akwai sahun da dattawa suka daina shiga in an zo sallar magariba. Sahun ƙarshe ne, na 'yan ƙwallo. Da ladan ya kira salla za ka ga sun kwararo daga filin firamare, sun yi alwala a gurguje, sun shigo da jesinsu sharkaf da zufa. Ranar da na makara na faɗa tsakaninsu, sai da na ƙosa liman ya yi sallama. Amma ban ga laifinsu sosai ba, don wanda kiran salla ya riska a fili ya bar wasa ya taho, ya kyauta. Abin da ya ɓata mini rai shi ne da na fito sallar asuba washegari na iske ɗan ƙanwata kwance a zaure, da jesin jiya a jikinsa.

"Kai, ba ka yi wanka ba tun jiya?"

"Kawu, ai Hajiya ce ta hana. Ta ce in mutum ya watsa ruwa da zufa a jikinsa jini zai daskare, ɓarin jiki ya shanye."

"To da zufar ta bushe fa?"

"Ai dare ya yi. Wankan dare kuma nimoniya yake kawowa."

Ka ji fa. Da yamma an hana shi saboda shanyewar jiki, da dare an hana shi saboda nimoniya, da safe kuma ya makara makaranta. Wannan magana na ji ta a bakin tsofaffi, na ji ta a bakin masu digiri, yanzu kuma ga ta tana yawo a WhatsApp da sabon ado, wai in ka fara zuba ruwa a ka kafin ƙafa jijiyar ƙwaƙwalwa za ta fashe. Na gaji da jin ta.

Ita zufa ba wani abu ba ce illa ruwa da ɗan gishiri da jiki ke fitarwa don ya huce, ya tsaya a zafinsa na kusan digiri 37. Mai buga ƙwallo a zafin watan Afrilu yakan zubar da lita guda ko fiye cikin awa ɗaya. Lokacin da take fitowa ba ta da wari. Warin aikin ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a fata, musamman a hammata da matsematsi, inda zufar ke fitowa da maiƙo. Su ke cin ta su saki tsamin nan da kowa ya sani, kuma gwargwadon daɗewarta a jiki gwargwadon ƙarfinsa.

Mu koma ga batun shanyewar jiki, don nan ne gizo ke saƙa. Ɓarin jiki na shanyewa ne idan hanyar jini a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. Babban mai jawo wannan shi ne hawan jini da aka yi shekaru ba a kula da shi ba, sai ciwon suga, shan taba, ƙiba da wasu cututtukan zuciya. Abu ne da ke ginuwa a hankali, kamar gara a azara: ranar da rufi ya rufta ba ranar ta fara ci ba. Ruwan bokiti da ya taɓa fata ba ya daskarar da jini. Jiki na da hanyar riƙe zafinsa na ciki, kuma ko an zuba masa ruwan randa, abin da zai faru bai wuce ƙananan hanyoyin jini na fata su ɗan tsuke na ɗan lokaci su sake ba.

Da maganar gaskiya ce, da manoma sun ƙare. Wane manomi ne ruwan sama bai taɓa duka ba yana tsakiyar noma, zufa na tsiyaya a gadon bayansa? Yara nawa ne ke tashi daga guje-guje su faɗa rafi ko kududdufi? Alhazai sun ga yadda ake fesa wa mutane ruwa a Mina da Arfa cikin tsananin rana, ana yi ne don a cece su. 'Yan wasan manyan kulob na Turai da samarinmu ke kwana kallo a gidan kallo, da yawansu da sun fito daga fili sukan shiga baho cike da ruwa da ƙanƙara, mai sanyin digiri 10 zuwa 15, don gajiya ta sake su. A asibiti ma, wanda zafi ya buge har ya fita hayyacinsa a wurin tsere ko atisayen soja, maganin farko shi ne a tsoma shi cikin ruwan sanyi ba tare da ɓata lokaci ba. Kai, su kansu yaran da aka hana wanka, ba da zufar suke alwala ba? Sun wanke fuska, sun shafi kai, sun wanke ƙafa da ruwan famfo, ba wanda ya faɗi.

Za a ce mini, ai wane a banɗaki ya faɗi, an fito da shi baki a karkace. Gaskiya ne ana faɗuwa a banɗaki. Wasu su ce ruwa ne, wasu su ce aljanu ne suka buge shi. Abin da likitoci suka sani shi ne shanyewar ɓarin jiki ta fi aukuwa da safe, lokacin da jini ke hawa bayan tashi daga barci, kuma lokacin ne yawancinmu ke kewayawa. Ga yunƙurin bahaya mai tauri, wanda shi ma ke ɗaga jini. Je ka bincika labarin wanen nan, za ka iske an taɓa gwada shi an ce jininsa ya haura 140 bisa 90, aka ba shi magani ya sha na wata guda ya ajiye, wai ya ji sauƙi. Da ya faɗi sai aka ɗora wa bokiti laifi, aka wanke sakaci. Wannan ne ma ya fi ba ni takaici, don duk lokacin da muka yarda ruwa ne, mun ba wani mai hawan jini dalilin ƙin zuwa gwaji. Kuma wanda aka ga bakinsa ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, asibiti ya kamata a nufa da shi nan take, ba a tsaya shafe-shafe ba.

Nimoniya kuwa ƙwayoyin cuta ke kawo ta, waɗanda ake shaƙa su sauka a huhu. Zazzaɓin cizon sauro sunansa ya riga ya faɗi mai kawo shi. Babu ɗaya da ke shiga ta ƙofar wankan dare.

Ba na so in yi wa Hajiya rashin adalci, don a cikin maganarta akwai ƙwayar gaskiya guda, an dai kumbura ta ne har ta ɓace. Mai gudu zuciyarsa na bugawa sau 160 ko fiye a minti, jini ya taru a cinyoyi da ƙwauri. In ya tsaya cak, ya shige banɗaki ya miƙe tsaye, musamman in ruwan zafi ne, jiri na iya ɗibarsa har ya yanke jiki ya faɗi ya ji rauni. Haka mai ciwon zuciya ko hawan jini, ba a so ya afka cikin ruwa mai tsananin sanyi farat ɗaya. Maganin wannan duka bai wuce a huce ba. Ka yi tattaki na minti 5 zuwa 10, ka sha ruwa, ka zauna a inuwa har numfashi ya daidaita zufa ta daina tsattsafowa. Yawanci minti 15 zuwa 20 sun isa. Tafiyar da yaro zai yi daga fili zuwa gida ma ta biya wannan bashi. Daga minti 20 zuwa kwana da jesi, ai tazarar ta yi yawa.

Cutar da ake gudu ba ta zuwa, amma wadda ake gayyatowa da ƙin wanka tana zuwa da kayanta. Dubi bayan samarin unguwa in sun tuɓe riga, ka ga kyasbi ya yi musu taswira. Wani nau'in naman gwari ne da dama yana zaune a fatar kowa, zufa da maiƙo da zafi ke sa shi ya yi yawa. Ga makero. Ga ƙaiƙayin matsematsi, wanda ke sa saurayi ya riƙa tafiya a tattale yana susa a ɓoye, kunya ta hana shi faɗa. Ga tsakanin yatsun ƙafa da ke yin fari ya tsage ya riƙa ɗoyi. Ga ƙurajen zufa da maruru. Mafi yawansu danshi da ɗumi suke so, kuma rigar da ta jiƙe ta manne a jiki ta ba su duka biyu. Wasu kuma ta aro ake ɗauka: jesi guda mutum uku su sa a wasa ɗaya, wanda aka canza ya tuɓe ya miƙa wa mai shiga da ɗuminsa, tawul guda kuma kulob gaba ɗaya.

Sai kuma masu wankan turare. Mutum ya taso daga ɗaga ƙarfe, ya goge fuska da gefen riga, ya zaro kwalba ya feshe hammata, ya ɗora shadda a kai ya nufi zance ko ɗaurin aure. Malam, turare ba ya kashe tsami, aure suke yi su haifi abin da ya fi su muni. Kai ba ka ji don hancinka ya saba, amma wanda ya zauna kusa da kai a A Daidaita Sahu yana ji, haƙuri kawai yake yi. Addinin da ya ce wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci don kada ya cutar da jama'a, yaya zai ɗauki wannan? A Bukhari akwai ruwayar Nana A'isha cewa mutane kan zo Juma'a daga wuraren aikinsu da ƙura da zufa, sai aka nuna musu su riƙa yin wanka. Muna ta faɗin tsafta cikon addini, amma a baki ta tsaya.

Abin yi ba shi da tsada. Da an tashi wasa, abu na farko shi ne a rabu da jiƙaƙƙen kaya. Wanda ya san magariba za ta riske shi a fili, ya tafi da busasshiyar riga a leda da ɗan ƙyalle mai tsafta. Ya jiƙa ƙyallen ya goge hammata, wuya da ƙirji, ya sauya riga, sannan ya shiga sahu. Bayan salla ya je gida ya yi wanka na sosai. Na san ruwa na wuya a birane, kuma ɗan garuwa ba kyauta yake bayarwa ba, amma rabin bokiti ya isa wanda ya san inda zai kai soso: hammata, matsematsi, ƙasan nono ga mata, bayan kunne, wuya da tsakanin yatsun ƙafa. Kowane sabulu ya yi, har sabulun salo. Ba sai an dirje fata kamar ana wankin tukunya ba, kuma zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka kullum busar da fata kawai yake yi. Da hunturu a sirka ruwan ya yi ɗumi, a shafa man kaɗanya ko basilin bayan an fito.

Tsane jiki shi ne inda aka fi sakaci. Mutum ya fito da ruwa a lungunan jikinsa ya zura wando, ya koma gidan jiya. A goge sosai, a bar ƙafa ta zama ta ƙarshe don kada tawul ya kwaso cuta daga yatsu ya kai matsematsi. Tawul kuma a shanya shi a igiya a rana, ba a rataye shi a ƙusa bayan ƙofa ba. Mai son turare ko abin shafa hammata, a kan busasshiyar fata mai tsafta ake sawa. Alif da iyayenmu mata ke gogawa a hammata yana rage wari. Lemon tsami kuwa a yi hankali da shi, yakan ƙona fata, balle in an yi aski.

Kayan wasa su ma sai an bi su. Jesin roba ya fi rigar auduga riƙe wari. Masu bincike a Jami'ar Ghent ta Beljiyam sun gwada haka a 2014, suka iske wasu ƙwayoyin bakteriya masu kawo ɗoyi sun fi yaɗuwa a kan yadin roba. Don haka kada a dunƙule shi a jaka ya kwana. A wanke shi da omo a ranar, a juya cikinsa waje, a shanya a rana. Gajeren wando na ciki da safa ba a maimaita su, ko da kuwa minti 30 aka yi da su. Mai safa ɗaya ya nemi ta biyu ko a gwanjo ne, ya wanke kafin ya sa. Takalmi a kwance igiyarsa, a zare shimfiɗar ciki, a bar shi ya sha iska. Mata masu motsa jiki a gida ko a wuraren atisaye su cire ɗankwali ko hular da ta jiƙe, kitso ya bushe kafin a sake rufewa, su sauya rigar mama da kamfai nan take, kuma wanke gaba da ruwa daga waje ya wadatar, ba sai an cusa komai ba.

In ƙaiƙayi ya riga ya kama, a guji man shafawan nan masu haɗin magani uku da ake tallarsu a kemis a matsayin maganin komai. Akwai sinadari a cikinsu da ke kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, cutar kuma tana bazuwa a ƙarƙashi. A nemi ma'aikacin lafiya ya duba. Sau da yawa clotrimazole zalla ake bayarwa, a yi makonni ana shafawa, ba a dainawa don an ga ya dushe. Wanda kuma yake wanka da wanki yadda ya kamata amma wari ko ƙuraje suka ƙi tafiya, ya je a gwada shi, don ciwon suga da wasu larurori kan zo da haka.

Ɗan ƙanwar tawa dai na tasa shi gaba ran nan da kaina bayan magariba, na ajiye masa bokiti a ƙofar banɗaki. Hajiya na zaune kan tabarma da carbi tana ta salati, tana cewa in wani abu ya same shi ni da Allah. Ya fito yana goge kai, ya ci tuwo malmala biyu, ya kwanta. Washegari na ga jesinsa da safarsa a igiya, takalmin kuma a kan katanga. Hajiya har yanzu ba ta sauka daga kan bakanta ba. Ta ce yaron jininsa ne mai ƙarfi. Ni kuma na samu ta yarda ranar Litinin in kai ta a gwada nata.