Me ya sa shafukan intanet ke ɓacewa a salula bayan an sabunta manhaja?

A saman manhajar Chrome ta wayoyin Android akwai wani ɗan akwati mai lamba a ciki, wanda ke nuna yawan shafukan intanet da mai wayar ya bari a buɗe. Idan shafukan suka haura 99, lambar takan daina hawa, sai ta koma alamar murmushi. Matasa da dama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sun saba ganin wannan murmushi, domin sun jima da mayar da buɗaɗɗun shafuka wurin ajiya. Nan ake barin sanarwar ɗaukar ma'aikata kafin a gama haɗa takardu, nan ake barin fom ɗin neman tallafin karatu da aka cika rabi, da farashin kayan da ake son sarowa, da karatun malamin da za a saurara idan an sa forfe.

Matsalar takan zo ne rana ɗaya. Wayar ta sabunta kanta cikin dare, ko mai ita ya danna amincewa da saƙon "mise à jour" da ya daɗe yana damunsa, da safe ya buɗe Chrome ya tarar akwatin yana nuna 1. Ga wanda ke bin labaran ƙwallo kawai, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma ɗalibin da lambar rajistarsa ke kan ɗaya daga cikin shafukan, ko ɗan bida da ya bar shaidar aika kuɗi gida a buɗe, shi ya san abin da ya tafi.

Mene ne shafi a buɗe?

Da yawa suna ɗauka cewa duk shafin da ke buɗe yana nan cikin waya da rubutunsa da hotunansa. Ba haka abin yake ba. Ƙwaƙwalwar aiki ta waya, wadda ake kira RAM, ƙarama ce, musamman a ƙananan wayoyin itel, Tecno da Infinix da suka fi yawa a hannun jama'a. Saboda haka Android yakan rufe manhajojin da ba a amfani da su a lokacin domin ya ba wasu wuri. Abin da Chrome ko Opera Mini ko Phoenix ke riƙewa shi ne jerin adiresoshin shafukan da ɗan bayani a kan kowane, cikin wasu fayiloli da ke ɓoye a ma'ajiyar manhajar. Shi ya sa idan ka taɓa wani tsohon shafi yakan sake lodawa daga farko ya ci maka mega, idan kuma babu reso ya nuna maka fari fat.

Ke nan shafuka ɗari da ke buɗe sun dogara ne ga wannan jeri. Duk lokacin da manhajar ta tashi, sai ta karanta shi ta jera maka shafukan. Ranar da ta kasa karantawa, sai ta buɗe sabon shafi guda ta ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba.

Masu bincike a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun yi nazari a kan wannan ɗabi'a a shekarar 2021. Sun gano cewa mutane na ƙin rufe shafuka ne saboda tsoron cewa abin da ya bar gaban ido ya tafi ke nan, kuma suna amfani da shafin a matsayin abin tuni ga aikin da ba su gama ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka tambaya sun ce yawan shafuka ya taɓa sa manhajar ko kwamfutarsu ta tsaya cak.

Inda sabuntawa ke shigowa

Sabuntawa iri biyu ce. Akwai ta tsarin wayar gaba ɗaya, wadda ke kashe wayar ta sake kunna ta. Akwai kuma ta manhaja ɗaya, wadda Play Store ke yi da kansa, galibi idan wayar ta hau wifi. Wannan ta biyun tana faruwa fiye da yadda ake zato: a shekarar 2021 kamfanin Google ya rage tazarar fitar da sabon Chrome daga mako shida zuwa mako huɗu, ban da ƙananan gyare-gyare da ke zuwa a tsakani.

A kowace sabuntawa ana rufe manhajar da ƙarfi, a sauke tsohuwar a ɗora sabuwa, sannan sabuwar ta karanta fayilolin da tsohuwar ta bari. Yawanci hakan na wucewa lafiya ba tare da mai waya ya lura ba. Tangarɗa na zuwa ne idan sabuwar manhajar ta canza wurin da take ajiye bayanai ko tsarin rubuta su, ko idan ma'ajiyar wayar ta cika maƙil da bidiyoyin WhatsApp har babu wurin rubuta sabon fayil, ko kuma batir ya mutu ana tsakiyar aikin. Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne a lokacin zafi, sa'ad da wuta ke yawan ɗaukewa.

Manyan kamfanoni ma na yin tuntuɓe a nan. A watan Disamban 2019 Google ya dakatar da rarraba Chrome 79 a wayoyin Android. Sabon Chrome ɗin ya canza wurin ajiye bayanai, amma bai kwashe wasu tsofaffin bayanan zuwa sabon wurin ba, sai wasu manhajoji da suka dogara da shi suka wayi gari kamar an share su. Bayanan suna nan a tsohon wurinsu, kuma gyaran da kamfanin ya fitar bayan 'yan kwanaki ya dawo da su. Darasin da ke ciki shi ne, abin da ya ɓace daga allo ba lalle ne ya goge daga waya ba, matuƙar ba a yi gaggawar wanke ta ba.

A shekarar 2024 ma an yi ta yaɗa labarin wata injiniyar manhaja da ta tara shafuka 7,470 a Firefox na kwamfutarta cikin shekara biyu, rana ɗaya manhajar ta ƙi dawo da su. Ta same su daga baya ta hanyar fayil ɗin da Firefox ke ajiye jerin shafuka. Sai dai a kwamfuta mutum na iya shiga ya ɗauko wannan fayil da hannunsa. A salula ƙofar a kulle take, domin Android da iPhone ba sa barin mai waya ya leƙa ma'ajiyar manhaja kai tsaye.

Wasu lokutan shafukan ɓuya suka yi

Sau da yawa sabuntawa ba ta goge komai ba, sabon tsari ta kawo. Chrome na yanzu yana kwashe shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba zuwa wani sashe na daban, wanda wayoyin da ke kan Faransanci ke rubutawa "Onglets inactifs". A saitin manhajar ana iya zaɓar kwana 7, 14 ko 21, ko a hana kwashewar ɗungurungum. Akwai kuma maɓallin da ke ba Chrome izinin rufe waɗannan shafuka da kansa idan suka ƙara daɗewa a can. Firefox ma na ware shafukan da suka yi mako biyu ba a buɗe ba.

A iPhone, tun daga iOS 13 na shekarar 2019, Safari na da zaɓin rufe shafuka da kansa bayan kwana ɗaya, mako ɗaya ko wata ɗaya. Daga iOS 15 kuma aka kawo rukunonin shafuka, ta yadda mutum zai iya samun kansa a wani rukuni da babu komai, alhali shafukansa na cikin wani rukunin.

Shafukan sirri, wato "navigation privée", su kam a Chrome na Android ba a ajiye su na dindindin tun asali. Da zarar an rufe manhajar da ƙarfi ko wayar ta sake kunnuwa, sun tafi, kuma ba sa shiga tarihin bincike.

Sai kuma hannun mutum. Idan waya ta fara nauyi bayan sabuntawa, abin da aka fi yi shi ne a shiga saiti a share. To, "Vider le cache" ba ya taɓa shafuka, tarkacen hotuna da makamantansu yake kwashewa. Amma "Effacer les données" yana mayar da manhajar kamar yau aka sa ta. Haka ma cire sabuntawar Chrome domin a koma tsohon, yana tafiya da bayanan da ke ciki. Idan kuma aka kai wayar wurin masu gyara a kasuwa aka ce sai an yi mata fomatin ko filashin, to komai ya tafi, sai abin da ke cikin asusun Google.

Abin da za a fara yi

Matakin farko shi ne a dakata. Kada a share bayanan manhajar, kada a cire ta, kada a garzaya wurin mai gyara. A buɗe akwatin shafuka a duba ko akwai sashen "Onglets inactifs" daga sama. Idan babu, a danna ɗigo uku na kusurwa a shiga "Onglets récents", inda Chrome ke jera shafukan da aka rufe kwanan nan, wani lokaci ma a dunƙule, ana iya dawo da su baki ɗaya.

Idan nan ma babu, sai "Historique". Chrome na riƙe tarihin kwana 90, kuma akwai wurin bincike a ciki, kalma ɗaya daga sunan shafin ta isa. Illar ita ce shafin da aka buɗe wata biyar da suka wuce ba a sake taɓa shi ba, ba zai fito a nan ba. Wanda ya haɗa Chrome da asusun Google yana da sauran dama: ya duba myactivity.google.com, ko ya buɗe Chrome a wata na'urar da ke kan asusun, domin takan nuna shafukan da wayar ta bari a buɗe. Mai iPhone kuma ya shiga wurin da shafuka ke jere ya danne alamar + na ɗan lokaci, jerin waɗanda aka rufe kwanan nan zai fito.

Asusun da mai shi bai san mabuɗinsa ba

Duk wannan ceto ya rataya ne a kan asusun Google, kuma a nan ne da yawa daga cikinmu ke da rauni. Ba abin mamaki ba ne a ga wanda mai shagon da ya sayar masa da waya ne ya buɗe masa asusu a tsaye, ya rubuta kalmar sirri a ɗan ƙyallen takarda da ta daɗe da ɓata. Muddin wayar na aiki ba a jin komai. Ranar da aka wanke ta ne ake gane cewa ba a san sunan asusun ba, balle mabuɗinsa.

Ga 'yan bida abin ya fi tsanani. Wanda ya buɗe asusu da layin Airtel, Moov ko Zamani, sannan ya tafi Aljeriya, Libiya, Abijan ko Legas ya sa sabon layi, idan Google ya nemi tabbatar da cewa shi ne, tsohuwar lambar zai aika wa saƙo. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kuma kamfani na iya rufe shi ya ba wani. Ƙari a kan haka, tun daga Disamban 2023 Google ya ce yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Don haka duk wanda ya canza ƙasa ko ya canza layi, ya kamata ya shiga saitin asusunsa ya sa lambar da ke hannunsa tun wayar na lafiya.

Akwai kuma batun sirri. Idan wa da ƙane suna amfani da asusu ɗaya a wayoyi biyu, kowa na iya ganin shafukan da ɗan'uwansa ya buɗe. Asusun da za a jingina ajiya a kansa ya kamata ya zama na mutum shi kaɗai.

Kowane abu da wurin ajiyarsa

Adireshin da ake son komawa gare shi, wurinsa "Favoris". A Chrome ana iya yin wannan ga shafuka da yawa a lokaci guda: a buɗe akwatin shafuka, a danna ɗigo uku, a zaɓi "Sélectionner des onglets", a zaɓe su duka a zuba. Minti biyu sun isa, kuma idan an haɗa da asusu, ko wayar ta faɗa ruwa suna nan. Wasu sun fi son aika wa kansu adireshin ta WhatsApp, wanda tun ƙarshen 2022 ya ba da damar mutum ya rubuta wa lambarsa saƙo.

Amma adireshi kaɗai ba ya isa ga abu mai muhimmanci, domin shafin kansa na iya mutuwa. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke intanet a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Sanarwar gasar ɗaukar aiki ko jerin sunayen waɗanda suka ci jarrabawa kan sauka da wuri fiye da haka. Irin waɗannan, da lambar rajista, da rasiɗin biyan kuɗi, a ɗauki hoton allo nan take, ko a bi ta "Partager" zuwa "Imprimer" a ajiye su a matsayin PDF. Lambar da rasa ta zai hana mutum shiga jarrabawa ko karɓar kuɗi, a rubuta ta a littafi da biro. Fom ɗin da aka cika rabi kuwa, ko shafin ya dawo, abin da aka rubuta a ciki ba lalle ya dawo ba, sai dai idan shafin na da wurin adanawa kuma an danna shi.

Wasu da abin ya taɓa shafa sukan kashe sabuntawa gaba ɗaya, su yi shekara suna amfani da tsohuwar manhaja. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Yawancin sabuntawar Chrome da Safari toshe ƙofofin da masu kutse ke bi suke yi, kuma wayar da ake aika kuɗi da ita, ake karɓar lambobin sirri a cikinta, ita ta fi buƙatar wannan kariya. Abin da ya fi shi ne a sabunta da shiri: a zuba shafuka a "Favoris", a rage bidiyoyi domin ma'ajiya ta samu sarari, a tabbatar batir ya haura rabi ko wayar na kan caji, sannan a danna amincewa.