Bambancin Ƙyallin Tauraro da Ainihin Ƙarfin Haskensa

Masana ilimin taurari suna auna haske ta fuska biyu: ƙyallin da ke isowa ido a nan duniya, da ainihin ƙarfin hasken da tauraro ke fitarwa daga jikinsa. A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, domin tauraron da ya fi ƙyalli da dare ba lallai ne ya fi ƙarfi ba.

Ana danganta ma'aunin ƙyalli ga Hipparchus na ƙasar Girka, wanda ya kasa taurari mataki 6: na 1 su ne mafi haske, na 6 kuwa da ƙyar ido ke ganinsu. A shekarar 1856, Norman Pogson ɗan Ingila ya tsayar da ƙa'ida cewa tazarar mataki 5 daidai take da ninki 100, wato kowane mataki ninki kusan 2.5 ne. Ma'aunin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa. Shi ya sa Sirius, wanda Larabawa ke kira Shi'ira, yake da -1.46, rana kuma -26.7.

Nisa ne ke ruɗa ido. Idan nisa ya ninka sau 2, ƙyalli yakan koma kashi 1 cikin 4. Idan sau 10 ne, kashi 1 cikin 100. Hasken Sirius yana isowa cikin shekara 8.6, ƙarfinsa kuma ya ninka na rana kusan sau 25. Rigel ya ninka rana sau dubun-dubata, amma tsakaninmu da shi tafiyar haske ce ta kimanin shekara 860, saboda haka Sirius ya fi shi ƙyalli. Don a daidaita kwatanci, sai a ƙaddara an jera taurari duka a nisan fasek 10, wato tafiyar haske ta shekara 32.6. A can, rana za ta koma mataki 4.8.

Ainihin ƙarfin kuwa ya rataya ne a kan girma da zafi. Faɗi ya ninka sau 2, ƙarfi ya ninka sau 4. Zafi ya ninka sau 2, ƙarfi ya ninka sau 16. Zafin saman Betelgeuse bai kai na rana ba, sai dai faɗinsa ya ninka nata sau ɗaruruwa, don haka ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kafin a fara lissafi, wajibi ne ɗalibi ya tantance wanne aka ba shi cikin ƙyalli, nisa da ƙarfi. Biyu daga ciki sun isa a fitar da na uku.