3.4 Tantance Hasashen Zirga-zirgar Motoci: Misali Daga Kasuwar Dawanau

Kafin a gina babban kanti ko kasuwa a karkara, masana tsara garuruwa sukan yi hasashen yawan motocin da wurin zai jawo. A kan wannan hasashe ake yanke faɗin titi da girman wurin ajiye motoci, da kuma yawan gonakin da za a karɓe. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona.

A Amurka, akan duba faɗin ginin kanti a fitar da adadin motoci daga alƙaluman da aka tattara a kantunan bayan gari, inda mai saye ke zuwa da motarsa. Wannan ma'auni ba zai zauna daidai ba a kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a kan hanyar Kano zuwa Katsina. A nan tirela ce ke kawo masara da wake da riɗi, ga a-kori-kura, ga babura, ga 'yan dako. Tirela ɗaya da ta tsaya a gefen titi tana jiran lodi ta fi ƙananan motoci da yawa tare hanya, alhali a takarda mota ɗaya ce.

Saboda haka tantancewa ita ce a koma bakin titi a ƙirga, kowace mota da irinta, a gwada da abin da aka hasasa. Lokacin ƙirgar ma abin lura ne, domin wanda ya ƙirga da damina bai ga kasuwar ba. Sai da kaka, bayan girbi, cunkoso yake bayyana. Bugu da ƙari, 'yan kasuwar Nijar da Chadi suna saye a Dawanau, don haka ƙirgar da aka yi lokacin rufe iyakoki, wato daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ba za ta zama abin dogaro ba.

Kuskuren hasashe bai taƙaita ga Nijeriya ba. Binciken da Flyvbjerg da abokan aikinsa suka buga a 2005 ya nuna cewa a rabin ayyukan tituna da suka duba, bambancin hasashe da zahiri ya haura kashi 20 cikin 100.