Ruwan Da Mota Ba Ta Kaiwa Bakinsa

Wani mai sauraronmu, direban motar kaya, ya aiko takarda yana tambaya: wai da gaske ne a Ostiraliya akwai ruwa mai zubowa daga kan dutse wanda mota ba ta kaiwa bakinsa?

To Malam, gaskiya ne. Sunansa Mitchell, yana yankin Kimbali, arewa maso yammacin ƙasar, yana zubowa hawa huɗu. Za ka kama hanyar Gibb River, mai tsawon kilomita wajen 660, wadda aka yi don jigilar shanu, sannan ka ratse arewa ta hanyar Kalumburu. Burji ce mai gargada, sai jif mai ƙarfi, da safayar taya biyu, da jarkokin mai da na ruwa. Kogin King Edward ma babu gada, ta cikin ruwa ake ƙetarewa.

Daga zangon ƙarshe kuwa sai ƙafa, kilomita huɗu da ɗoriya a kan duwatsu. Sammako shi ne dabara, don ranar can ba ta wasa.

Daminarsu daga Nuwamba zuwa Afrilu take, lokacin hanya a rufe. In ka isa, kada ka shiga tafkin da ke ƙasa: akwai kadoji, kuma wuri ne mai tsarki ga mutanen Wunambal, masu ƙasar.