Aiki Daga Gida a Dutsin-Ma da Kurfi: Me Ya Kawo Shi, Ina Ya Dosa?

A da, matashin da ya ƙware a kwamfuta a Dutsin-Ma ko Kurfi ba shi da mafita sai ya tattara ya nufi Kano, Abuja ko Legas. Yanzu akwai masu rubuta manhaja, masu zanen talla da masu fassarar Hausa da ke yi wa kamfanonin nesa aiki ta intanet ba tare da sun bar gida ba.

Abubuwa uku suka share wannan hanya. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, ta tara ɗaliban kimiyyar kwamfuta a garin da dama yake da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Kullen korona na 2020 ya koya wa kamfanonin duniya cewa ba sai ma'aikaci ya zo ofis ba. Sai kuma faɗuwar naira: dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Hakan ya sa ɗan abin da Bature yake ganin bai taka kara ya karya ba ya zama albashi mai tsoka a nan.

Amfanin a bayyane yake. Kuɗin da aka samo a waje a gida ake kashe su, wajen mai shago, magini da ɗan acaɓa. Matar aure mai ilimi tana iya aiki daga ɗakinta. Matashi kuma yana kusa da iyayensa da gonarsu.

Sai dai sana'ar tana tsaye ne kan wuta da sabis, kuma dukansu ba su da tabbas. Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce, janareta kuma ya zama kayan masu hali tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Mafi tsanani shi ne tsaro. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, don daƙile 'yan bindiga. Kamfanin da ke Ingila ba ya jiran ma'aikacin da ya ɓace makonni. Wani zai ɗauka a Kenya ko Indiya.

Wannan ne ya sa wanda ya fara samu yakan koma birnin Katsina ko Kano. Wanda ya zauna kuwa sai mai ƙarfin sayen sola da Starlink, don haka damar takan tsallake ɗan talaka, musamman a ƙauyukan Kurfi. Ga shi aikin kwangila ne, ba fansho, ba inshorar lafiya.

Shirin 3MTT na Gwamnatin Tarayya yana horar da matasa, amma horo kaɗai ba ya riƙe ƙwararre a garinsu. Ya kamata gwamnatin jiha, ƙananan hukumomin biyu da jami'ar su haɗa kai su buɗe cibiyoyin aiki masu sola da intanet mai ƙarfi, a kuɗin da ɗalibi zai iya biya. Idan ba haka ba, yankin zai ci gaba da ɗawainiyar koyarwa, birane suna kwashe ribar.